Yadda Famfon Zafi da Murhun Itace Ke Ɗumama Tsofaffin Gidajen Dutse a Birtaniya

A ƙauyukan Wales da arewacin Ingila akwai gidajen manoma na dutse da suka haura shekara ɗari, wasu kaurin bangonsu ya kai rabin mita. Da yawansu ba a ja musu bututun gas ba, sai dai a ƙona mai ko kwal idan hunturu ya shigo. Yanzu masu irin waɗannan gidaje suna komawa ga wata na'ura da ake kira famfon zafi.

Yaya take aiki?

Ku taɓa bayan firji, za ku ji ɗumi. Firji yana kwaso zafi daga ciki ya fitar waje. Famfon zafi kuwa yana kwaso zafin da ke cikin iskar waje, ko da sanyi ya sauka ƙasa da sifili, kwamfireso ya matse iskar gas ɗin da ta ɗauko shi har ta yi zafi, sannan a ɗumama ruwan da ke zagaya ɗakuna ta bututu zuwa allunan ƙarfe masu fitar da ɗumi. Hita ta lantarki tana mayar da kilowat ɗaya na wuta zuwa kilowat ɗaya na zafi. Famfon zafi yakan ba da uku zuwa huɗu.

Inda gizo ke saƙar

Tukunyar mai tana kai ruwa kusan digiri 70, amma famfon zafi ya fi yin aiki da kyau tsakanin digiri 35 zuwa 45. Tsohon gida kuma yana zubar da ɗumi ta rufi da tagogi da ƙarƙashin ƙofa. Don haka kafin a saka na'urar, ana shimfiɗa abin tare zafi a rufi, a toshe kafofin iska, a sauya allunan ɗumin da manya. Ana barin na'urar a kunne a hankali, domin dutse yana daɗewa kafin ya ɗumama. Yaɓen bango kuma da farar ƙasa ake yi, domin siminti yana riƙe danshi cikin dutse.

Amfanin murhun itace

A ranakun da sanyi ya tsananta ƙarfin famfon yana raguwa, idan guguwa ta katse wuta kuma ya tsaya cak. Nan ne rufaffen murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi ke taimakawa. Ana so danshin itacen kada ya wuce kashi 20 cikin 100, kuma tun 2021 Ingila ta hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri don ƙonawa a gida. Dole a saka na'urar gargaɗin iskar kabon monokzaid, gubar da ba ta da launi ko wari, wadda ita ce ke kashe masu kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki.

Batun kuɗi

Sayen famfon da saka shi na da tsada. A Oktoban 2023 gwamnati ta fara ba da tallafin fam 7,500 ga masu gida a Ingila da Wales da suka cire tukunyar mai ko gas suka saka famfon. Wanda ya saka shi bai gyara gidan ba, kuɗin wutarsa ne zai hau.