Gasar Ƙwallon Raga ta Ƴan Mata ta Duniya: Girbin Abin da Aka Shuka a Filin Makaranta

A watan Agusta na shekarar 2025, birnin Surabaya na ƙasar Indonesiya ya karɓi baƙuncin ƴan mata daga ƙasashe 24, waɗanda suka taru domin gasar ƙwallon raga ta duniya ta ƴan ƙasa da shekara 21. Ƴan matan Italiya ne suka tafi gida da kofi, bayan sun rinjayi na Jafan a wasan ƙarshe. A yankinmu ba a cika jin labarin wannan gasa ba, domin hankalin jama'a ya fi karkata ga ƙwallon ƙafa da kokowa. Duk da haka mun ga ya dace mu kawo wa iyalai bayaninta, saboda tarihinta na kusan shekara hamsin yana nuna abu guda a fili: ƙasar da ta kula da ƴaƴanta mata tun suna ƴan shekara 12 ko 13, ita ce ke ɗaukar kofi idan sun kai 20. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yadda wasan yake

Wani malamin motsa jiki mai suna William Morgan ne ya ƙago ƙwallon raga a shekarar 1895, a garin Holyoke na ƙasar Amurka. Nufinsa shi ne ya samar wa manyan mutane wasan da babu ture-ture a cikinsa, domin ƙwallon kwando ya yi musu tsanani. Saboda haka ya ɗaura raga a tsakiyar fili ta raba ƙungiyoyin biyu, kowace ta tsaya a ɓangarenta, babu mai taɓa jikin abokin karawarsa.

Tsawon filin mita 18 ne, faɗinsa mita 9. Tsayin ragar mata mita 2 da santimita 24, ta maza kuwa mita 2 da santimita 43. Kowace ƙungiya tana da ƴan wasa 6 a fili, kuma sau uku kawai aka yarda su taɓa ƙwallo kafin su tsallakar da ita. Galibi ta farko ce ke tarbar ƙwallon, ta biyu ta ɗaga ta sama kusa da raga, ta uku ta yi tsalle ta maka ta ƙasa a ɓangaren abokan karawa. Ana cin zagaye da maki 25, da sharaɗin a ba da ratar maki biyu, kuma wadda ta fara cin zagaye uku ita ke da wasa. Idan aka yi biyu da biyu, sai a yi zagaye na biyar mai maki 15. Tun da ba a yarda mutum ɗaya ya taɓa ƙwallo sau biyu a jere ba, duk gwanintar yarinya dole ta dogara ga ƴan uwanta. Wannan ne ya sa ƙungiyar da ta daɗe tana horo tare take fin wadda aka tattaro ana gobe tafiya.

Asalin gasar

An kafa hukumar ƙwallon raga ta duniya, wato FIVB, a birnin Paris a 1947, daga baya ta mai da mazauninta Lozan ta ƙasar Siwizalan. Wasan ya shiga Olamfik a 1964 a birnin Tokyo, inda matan Jafan suka ci lambar zinariya. Gasar ƴan mata matasa kuwa an fara ta ne a 1977 a ƙasar Burazil, Koriya ta Kudu ta ɗauki kofin farko, ta kuma maimaita a 1981 a Meziko. Daga 1985 aka koma yin ta duk bayan shekara biyu. An daɗe ana kiranta gasar ƴan ƙasa da shekara 20, sai a 2023 aka ɗaga iyakar zuwa 21.

Burazil ce ta fi kowa yawan kofuna, ta ci sau shida: 1987, 1989, 2001, 2003, 2005 da 2007. Ƙasar Sin ta ci sau huɗu, a 1995, 2013, 2017 da 2023, Italiya kuma sau uku, a 2011, 2021 da 2025.

Juma'ar da za ta yi kyau

Idan mai karatu ya jera waɗannan shekaru kusa da sakamakon manyan gasanni, zai ga gaskiyar maganar Hausawa cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ƴan matan Peru sun zo na biyu a gasar matasa ta 1981. Bayan shekara bakwai, ƙarƙashin mai horarwa ɗan Koriya Man Bok Park, ƙasar ta kai wasan ƙarshe na Olamfik a birnin Seul, inda Tarayyar Sobiyet ta sha da ƙyar a hannunsu. Kuba ta ci gasar matasa a 1985, sannan ta kwashe zinariyar Olamfik sau uku a jere, a 1992, 1996 da 2000. Burazil ta mamaye gasar matasa daga 2001 zuwa 2007, sai ga ta da zinariyar Olamfik a 2008 da 2012.

Labarin Zhu Ting ya isa misali. An haife ta a 1994 a gidan manoma a lardin Henan na ƙasar Sin. Tsayinta ne ya sa aka kai ta makarantar wasanni ta lardin tun tana ƙarama, inda ta yi shekaru tana horo. A 2013, a birnin Brno na Jamhuriyar Cek, ta jagoranci ƙasarta ga kofin matasa, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar. Bayan shekara uku kacal, a Olamfik na Riyo a 2016, ƙasar Sin ta ci zinariya ƙarƙashin mai horarwa Lang Ping, aka sake zaɓar Zhu Ting wadda ta fi kowa. Da ba a sami wanda ya lura da ita a ƙauye ba, da duniya ba ta taɓa jin sunanta ba.

Italiya kuwa wata dabara ta yi. A 1998, bisa shawarar mai horarwa Julio Velasco, hukumar ƙasar ta kafa ƙungiyar da ake kira Club Italia, inda ake tara ƴan mata masu hazaƙa daga ko'ina cikin ƙasa, su zauna wuri ɗaya, su je makaranta, su kuma yi horo tare. A can Paola Egonu ta tashi, wadda aka haifa a Italiya a 1998, iyayenta kuma ƴan Nijeriya ne. A 2015 ta ci kofin duniya na ƴan ƙasa da shekara 18, a 2024 kuma ta ci zinariyar Olamfik a Paris, shi Velasco ɗin ne mai horar da su. Tsakanin kafa ƙungiyar da wannan zinariya shekara 26 ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙaramar ƙasa da babban kofi

Wani zai ce ai waɗannan duk manyan ƙasashe ne masu dukiya. To, sai mu dubi Jamhuriyar Dominikan, wadda ke tsibiri ɗaya da Haiti, kuma mutanenta a 2015 ba su wuce kimanin miliyan goma ba, wato kusan rabin al'ummar Nijar a lokacin. Tun shekarun 1990 wani ɗan ƙasar mai suna Cristóbal Marte ya jagoranci shirin nemo dogayen ƴan mata daga garuruwa da ƙauyuka, a kawo su babban birni a horar da su, har aka ɗauko masu horarwa daga Burazil. A 2015, a tsibirin Puwato Riko, ƴan matan suka kai wasan ƙarshe, suka doke ita kanta Burazil da zagaye uku da biyu. Brayelin Martínez ce gwarzuwar gasar, kuma tana cikin waɗanda suka ci zinariyar wasannin nahiyar Amurka a birnin Lima a 2019. Abin da ƙasar ta zuba a wannan shiri, haƙuri da tsari sun fi kuɗi yawa a ciki.

Ina Afirka?

Daga 1977 zuwa 2025, babu ƙasar Afirka da ta sami lamba a wannan gasa, babu kuma wadda ta karɓi baƙuncinta. Masar tana cikin waɗanda suka fi wakiltar nahiyar a matakin matasa. A matakin manya kuwa Kenya ce ta fi yawan kofunan Afirka, kuma sanannen abu ne cewa yawancin ƴan wasanta daga gasannin makarantun sakandare ake zaƙulo su. Maƙwabciyarmu Kamaru ta je Olamfik a 2016, ta kuma ci kofin Afirka sau uku a jere, a 2017, 2019 da 2021. A 2020 aka zaɓi Bouchra Hajij ta ƙasar Maroko shugabar hukumar ƙwallon raga ta Afirka, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami.

Dogayen ƴan mata masu ƙarfi ba su yi mana ƙaranci ba. Inda aka bar mu a baya shi ne shekarun nan bakwai ko takwas na horo mai ɗorewa. Yarinyar Italiya ko Jafan da ta kai 19 ta riga ta buga ɗaruruwan wasanni, tamu kuwa sau da yawa sai gasa ta matso ake tara su na ƴan makonni.

Maganar sutura

Mun san tambayar da ke zukatan iyaye da yawa ita ce ta sutura, kuma tambaya ce mai tushe. A 2012 hukumar FIVB ta sassauta dokar tufafin wasan da ake yi a kan rairayi, ta yarda da riguna masu hannu. A Olamfik na 2016, Doaa Elghobashy ta Masar ta buga wasanninta da ɗankwali da doguwar riga da dogon wando. Megawati Hangestri Pertiwi, ƴar lardin Jaba ta Gabas, wanda Surabaya ce babban birninsa, ta buga wa ƙungiyar Red Sparks ta Koriya ta Kudu daga 2023 zuwa 2025 da kanta a rufe, ta kuma zama ɗaya daga cikin fitattun ƴan wasan gasar ƙasar. Ke nan suturar mutunci ba ta hana tsalle, ba ta kuma hana cin maki. Ga shi kuma wasa ne da raga ta raba tsakani, ana iya yinsa cikin harabar makaranta mai katanga, mata zalla, ƙarƙashin malama mace.

Abin da ya rage gare mu

Ba kowace yarinya ce za ta je gasar duniya ba, amma kowace tana buƙatar lafiyar jiki, da koyon aiki tare da wasu, da jure faɗuwa ba tare da karaya ba. Kayan wasan ba su da yawa: fili mai laushi, turaku biyu, raga da ƙwallo. Ƙungiyar iyayen ɗalibai ta kowace makaranta tana iya ɗaukar wannan nauyi, ta kuma nemi a ware wa ƴan mata ranakunsu da lokacinsu, da yamma bayan rana ta yi sanyi, ba tare da an taɓa lokacin karatu ba.

Akwai kuma abin da ke hannun kowane uba. Gasar matasa gasar shekaru ce, da fasfo ake tabbatar da ranar haihuwar kowace ƴar wasa, fasfo kuwa ba ya samuwa sai da takardar haihuwa. Yarinyar da ba a yi wa wannan takarda ba, an rufe mata ƙofar gasa tun tana cikin zanen goyo, kamar yadda aka wahalar mata da zaman jarrabawa. Ya kamata mu riƙa yi wa ƴaƴanmu mata ita a kan lokaci, kamar yadda muke yi wa maza.

Idan malamin motsa jiki ya aiko cewa ɗiyarku tana da tsayi da hazaƙa, muna ba da shawarar kada a yi saurin cewa a'a, kada kuma a sake ta haka nan. A je a ga filin, a san wanda ke horarwa, a san lokacin fita da na dawowa, a daidaita maganar sutura, sannan a yanke shawara. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su lafiya da albarka.