Ƴar kujerar yumɓu ta wata maginiya a Gaya

Garin Gaya, cikin jahar Doso, yana bakin kogin Kwara, kimanin kilomita 300 daga Yamai. Malanbil ta ƙasar Benin tana tsallaken ruwa, Kamba ta Najeriya kuma tana gabas, ba nisa. Saboda haka mutanen wurin sun saba da kuɗi iri biyu, sefa da naira. A bayan takardar naira 20, wadda aka sake wa fasali a 2007, akwai hoton wata mace tana ginin tukunya. Mutane da yawa sun riƙe takardar nan ba su dube ta ba. Wata dattijuwa maginiya, ɗalibar ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye kusa da Gaya, ta dube ta da kyau, ta tambayi malaminsu ko wace ce wannan da ta shiga kuɗi da laka a hannunta.

Sunan matar Ladi Kwali. An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, ƙasar Gwari, ta koyi gini wurin wata ƴar uwar iyayenta, kamar yadda ƴan matanmu suke koya. Tana zana wa randunanta ƙadangare, kunama, kada, hawainiya da kifi. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, yana tara tukwanenta a fada, can ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Da ya buɗe makarantar gini a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, sai ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. An nuna aikinta a London, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Malamin ya nemo hotunan randunan Ladi ya nuna wa dattijuwar. Ba ta ce za ta gina irinsu ba, don randa ta fi shekara talatin tana gina ta. Abin da ya shiga ranta shi ne dabbobin nan da aka shimfiɗa a jikin yumɓu. Sai ta dubi ƴar tsugunnon da take zama a kanta, aikin wani masassaƙi da ya riga mu gidan gaskiya, ta ƙudura za ta yi irinta da yumɓu, ƙarama, wadda za ta zauna bisa tafin hannu, da ƙadangare kwance a gefenta.

Na gan ta lokacin da aiki ya kai ni wajen, kuma ta bayyana mini yadda ta yi fama. Kujera ta farko ba ta ko kai ga wuta ba. Masassaƙi yana fitar da kujerarsa daga gungume guda, da gizago, mazauni da ƙafafu duk jiki ɗaya ne. Maginiya kuwa dole ta gina kowane sashe dabam ta haɗa. Ƙafafu sirara suka riga mazauni bushewa, alhali yumɓu yana tsukewa idan ruwa yana barinsa, har wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin goma. Wani gefe ya ja, wani bai ja ba, sai mahaɗa ta tsage. Ta biyu ta bushe lafiya, amma ta fashe cikin wuta, saboda mazaunin ya yi kauri, sauran danshin da ke cikinsa ya zama tururi bai sami hanyar fita ba.

A ta uku ne ta bar bin masassaƙi sau da ƙafa. Ta daka tsingaro ya yi laushi, ta cuɗa shi da yumɓun, kamar yadda take yi wa tukunyar tuwo. Ta rarake ƙarƙashin mazaunin don kaurinsa ya zo daidai da na ƙafafu. Ta gajarta ƙafafun, ta buɗa su waje kaɗan, ta kakkarce kowace mahaɗa ta shafa mata ruwan laka kafin ta manna. Ta kifa kujerar cikin ɗaki, ta rufe ta da tsumma, ta bar ta fiye da mako. Da ta yi tauri kamar fata, sai ta shafa mata jar ƙasa, ta goge da dutse mai santsi, ta zana ƙadangaren da tsinke. Ran gashi ta sa ta cikin wata tsohuwar tukunya, a tsakiyar sauran kaya, don kada harshen wutar kara da kashin shanu ya same ta kai tsaye. Ta fito ja, da ɗan baƙi a ƙafa guda.

Na ce mata: «Inna, ƙadangaren nan na Ladi ne ko naki?» Ta yi dariya ta ce: «Ɗana, nata yana da wuri, ya miƙe jelarsa. Nawa kujera ta yi masa kaɗan, shi ya sa ya naɗe.»

Wani ma'aikaci da muke tare ya raina abin. Ya ce kwaikwayo ne, kuma kujerar da ba a zama a kanta ba ta da amfani ga ci gaban karkara. A ganina ya yi kuskure sau biyu. Wanda ya kwafi aikin wani ya ɓoye sunansa, shi ne ɓarawo. Ita kuwa duk wanda ya ɗauki kujerar sai ta gaya masa sunan Ladi Kwali, da na masassaƙin ƙauyensu. Ladi kanta ta karɓi dabarun Turawa na shafa ƙyalli da gashi cikin tanderu mai zafi ƙwarai, ba ta yar da zanen Gwari ba. Cardew kuma almajirin Bernard Leach ne a Ingila, shi ko Leach a Japan ya koyo.

Game da amfani, ya kamata ma'aikata su tuna cewa roba da tukunyar dalma sun cinye kasuwar magina. Randa da tulu ne suka rage, saboda sanyin ruwa, su ma nauyinsu da saurin fashewarsu suna hana a kai su nesa. Ƙaramin abu mai kyau yana shiga aljihun matafiyi. Sannan ginin siffa da yumɓu ba baƙo ba ne a ƙasarmu: a Bura, wajen Tera, inda aka gano kayan tarihi a 1975, masani Bube Gado ya haƙo a 1983 siffofin mutane da mahayin doki, aikin magina na ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Abin da dattijuwar ta roƙa kaɗan ne. Tana son idan hukumar sana'o'in hannu za ta zaɓi kayan da za a kai baje koli a Doso ko Yamai, a zo ƙauyuka a duba, kada a tsaya ga na cikin gari. Kafin in tashi ta juya kujerar ta nuna mini ƙarƙashinta. Ta rubuta sunanta da tsinke tun yumɓun yana ɗanye, baƙaƙe biyar, ɗaya ya ɗan karkace. Ta ce ta huɗu za ta yi mata majingini, irin na kujerar malaminsu.