Karen Sliwa da Ciwon Zuciyar Masu Jego

An haihu lafiya, an yi suna, baƙi sun watse. Bayan sati uku ko huɗu sai ƙafafun mai jego su kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ba ta iya kwanciya rigingine sai an tara mata matashin kai uku, tari kuma ya hana ta barci. A gida sai a ce gajiyar haihuwa ce. Alhali tsokar zuciyarta ce ta saki, ta kasa harba jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu.

Irin waɗannan matan ne Farfesa Karen Sliwa ta riƙa gani a asibitin Baragwanath da ke Soweto, a Afirka ta Kudu. Bajamushiya ce, a Balin ta yi karatun likita, ta koma Afirka ta Kudu a 1992. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, matan nan matasa ne, da yawansu ba su taɓa ciwon zuciya ba. To me ke karya zuciyar mace lafiyayya daidai lokacin da ta sauka?

A 2007, ita da abokiyar bincikenta Denise Hilfiker-Kleiner ta Hanoba da sauran abokan aiki suka wallafa wani bayani mai ban mamaki. Sinadarin furolaktin, wanda ke sa nono ya kawo ruwa, yakan tsinke a jikin wasu mata, guntunsa kuwa ya zama dafi ga ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Akwai kuma wani tsohon magani, bromocriptine, da ke hana fitar sinadarin.

A 2010 Sliwa ta fitar da sakamakon gwajinsa a kan mata 20. Cikin goman da aka ƙara musu shi, ɗaya ta rasu. Cikin goman da aka bari da maganin da aka saba, huɗu. Gwajin ƙarami ne, kuma maganin yana da tsadarsa: nono ya ƙafe, jariri ya koma madarar gwangwani, uwa kuma sai an haɗa mata da maganin hana daskarewar jini. Ba abin da za a saya a kemis a haɗiya ba ne.

Daga baya ta shugabanci Ƙungiyar Zuciya ta Duniya daga 2019 zuwa 2020, amma ni dai aikin Soweto ya fi burge ni, don ciwon ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka ruwaito shi a Zariya, kusan mace ɗaya cikin masu jego ɗari, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan jego. A Kano kuwa, binciken Farfesa Kamilu Karaye ya gano ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin yawancin masu ciwon da ya auna.