Farin Tabo a Ganyen Ɗaɗɗoya: A Duba Bayan Ganye Kafin a Sayi Magani

Ɗaɗɗoya ba baƙuwa ba ce a gidajen ƙasar nan. Yarbawa suna kiranta efirin, Ibo kuwa nchuanwu, watau mai korar sauro. Ana shuka ta a bayan ɗaki, ko a gindin randa, ko cikin tsohon bokiti, haka kuma a lambunan fadama inda ake yankarta dami-dami a kai kasuwa. Iri biyu aka fi sani. Akwai babba mai faɗin ganye, wadda takan kai tsayin mutum, ta yi shekaru tana toho; akwai kuma ƙarama mai laushin ganye, wadda ba ta cika wuce shekara guda ba. Dukansu ganyensu ake bukata, a farfesu, a miya, a shayi, wasu ma a ɗanyensa suke murza shi su sha. Sabo da haka duk abin da aka fesa wa ɗaɗɗoya yau, shi iyali za su tarar cikin tukunya gobe.

Kukan da masu ɗaɗɗoya suka fi yi shi ne farin tabo a ganye. Da yawa daga cikinsu da sun gan shi sai su nufi kasuwa neman maganin feshi. Wannan kuskure ne, domin farin tabo alama ce kawai, kuma abubuwan da ke kawo shi sun fi biyar. Wani ƙwaro ne, wani funfuna ce, wani kuwa ba kome ba ne illa ƙura ko zafin rana. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Yadda Ake Dubawa

A fita da sassafe, kafin rana ta yi zafi. A fara shafa tabon da yatsa mai laima. In ya goge tas, ganyen kuma yana nan kore a ƙarƙashinsa, to galibi ƙurar hunturu ce, ko toka, ko gishirin da ruwan rijiya ya bari bayan ya bushe. Wannan ba ya bukatar kome sai wanki da ruwa. In kuwa farin ya shafi babban sashe na ganyen sama, ya yi kamar takarda, kuma kwanan nan aka fitar da shukar daga inuwa zuwa rana, to ƙunar rana ce. Ganyen da ya ƙone ba zai warke ba, amma sabon toho zai fito lafiya.

In tabon bai goge ba, sai a juya ganyen a duba bayansa. Can ne yawancin maɓarnata suke zama. Bayan haka a sa farar takarda ƙarƙashin reshe, a bubbuga reshen da hannu, a jira a ga abin da zai motsa a kan takardar.

Ƙwarin da Ke Tsotson Ganye

Idan ganye ya cika da ɗigo-ɗigo ƙanana kamar an tsattsaga shi da tsinin allura, a bayansa kuma ga wata yana mai siririn zare, to gizo-gizon ganye ne. Girmansa bai wuce rabin milimita ba, a kan takarda sai a ga kamar garin barkono yana tafiya. Yana son zafi da bushewa da ƙura, shi ya sa ya fi ɓarna daga ƙarshen hunturu zuwa bazara. Wajibi ne a san cewa wannan halitta dangin gizo-gizo ce mai ƙafa takwas, kuma magungunan ƙwari da yawa ba sa kashe ta. Abin da sukan kashe shi ne ƙwarin da ke cinye ta, sai bayan mako biyu mai lambu ya tarar ɓarnar ta ninka, ga kuɗinsa sun tafi.

Idan tabon ya yi sheƙi kamar azurfa, a zane-zane, tare da baƙin ɗigo a cikinsa, wannan aikin siririn ƙwaron nan ne da masu noman albasa suka sani, wanda ke mayar da ganyen albasa fari da rani. Tsawonsa milimita 1 zuwa 2 ne. Baƙin ɗigon kashinsa ne, kuma da shi ake rarrabe ɓarnarsa da ta gizo-gizon ganye.

Farin ƙuda ba shi da wuyar ganewa. Da an girgiza shuka sai ya tashi fari fat kamar an watsa gari, ya sake komawa bayan ganye. Shi ne wanda ke yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir da wadda ke ɓata ganyen rogo. Darɓa kuma takan taru a kan sabon toho, ta sa shi ya ƙanƙance. Fararen ɓawon da takan saɓule su zuba kan ganyen ƙasa, sau da yawa su ne ake ɗauka cuta ce. Dattawan manoman gyaɗa ba su manta da darɓa ba, domin ita ce ta yaɗa cutar da ta lalata gyaɗar arewacin ƙasar nan a 1975. Sai kuma wani ƙwaro mai lulluɓe jikinsa da abu kamar auduga, wanda ke maƙalewa inda ganye ya haɗu da reshe. Waɗannan ukun duk suna fitar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo, wanda baƙar funfuna ke bi ta rufe ganye. In an ga tururuwa ko cinnaka suna hawa da sauka a jikin ɗaɗɗoya, to wannan ruwan suke bi, kuma alama ce ta cewa akwai masu tsotso a sama.

Farin layi mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar sawun maciji kuwa, wata 'yar tsutsa ce ke cin hanya a tsakiyar ganyen. Feshin sabulu ba ya kaiwa gare ta. A tsinke ganyen a ƙone.

Cututtukan Funfuna

Akwai funfuna mai kama da garin alkama da aka barbaɗa a saman ganye. Tana gogewa da yatsa, amma bayan kwana kaɗan ta dawo ta ƙara faɗi, wurin kuma ya soma yin rawaya. Takan samu shukar da aka cunkusa a inuwa, inda iska ba ta ratsawa.

Wadda ta fi ta haɗari ita ce funfunar bayan ganye. Daga sama sai a ga ganye yana yin rawaya a tsakanin jijiyoyinsa, har mai lambu ya zaci rashin taki ne, ya ƙara taki. Da ya juya ganyen da safe, da ya ga wani gashi-gashi mai launin toka ya rufe bayansa. An fara ganin wannan cuta a Uganda cikin shekarun 1930, aka daɗe ba a ji labarinta sosai ba, sai a 2001 ta ɓulla a Suwizalan, a 2003 a Italiya, a 2007 a Amurka, inda ta jawo wa manoma hasara mai yawa. An tabbatar da ita a Kamaru, maƙwabciyar ƙasar nan. Iska tana ɗaukarta, iri ma yana ɗaukarta, kuma ƙaramar ɗaɗɗoya ce ta fi kamuwa, musamman da marka, lokacin da ganye ke kwana da ruwa ko raɓa. Mai lambun gida ba shi da wani feshi da zai warkar da ganyen da ta riga ta kama. Da an gan ta, a girbe ganyen da ke da lafiya a yi amfani da shi, a tuge sauran a ƙone.

Wata cutar kuma daga ƙasa take shiga ta saiwa. Shuka tana cikin girma sai ta yi yaushi, wani lokaci ɓangare guda, ko da ƙasar tana da danshi. In aka tsaga karan, za a ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa. Ba ta da magani, kuma tana zama cikin ƙasa shekaru da yawa, don haka kada a sake shuka ɗaɗɗoya a wurin, kada kuma a ɗebi ƙasar a zuba a wata tukunya. In kuwa aka tuge shuka mai yaushi aka ga saiwarta da ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero ko ta wake, tsutsar saiwa ce, irin da ke kama tumatir da kuɓewa. A huta da waɗannan a wurin, a shuka masara ko dawa.

Magani

Na farko shi ne hannu da ruwa. A tsinke ganyen da ya fi lalacewa, a ƙone ko a binne shi nesa, kada a jefa shi gindin shuka. A wanke bayan sauran ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi, da safe, sau biyu ko uku a mako. Wannan kaɗai yakan isa ga darɓa da gizo-gizon ganye in an fara da wuri. Babbar ɗaɗɗoya tana da wani amfani a nan: in ɓarna ta yi yawa, ana iya sassare ta a bar kamar santimita 30 daga ƙasa, a ba ta ruwa da ruɓaɓɓen taki, ta sake toho.

Na biyu ruwan sabulu. A narka ƙaramin cokali 2 na sabulu mara turare cikin lita 1 ta ruwa. Garin wanki ba ya cikin wannan lissafi, domin yana ƙona ganye. Sabulu ba ya kashe ƙwaro sai ya taɓa jikinsa, don haka a tabbata feshin ya jiƙa bayan ganye. A gwada a reshe guda, a jira kwana ɗaya, in bai ƙone ba a fesa wa sauran.

Na uku 'ya'yan darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina. A samu busassun 'ya'ya, a ɓare, a daka ƙwayar. Rabin kilo yana isar bokiti mai lita 10. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma, domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa da sauri. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Hana shi ci da girma yake yi, sai bayan kwanaki ake ganin aikinsa. A maimaita kowane kwana 7. A dakata da feshi kwanaki kafin girbi, a kuma wanke ganyen sosai, in ba haka ba uwargida za ta ji ɗacin a miya.

Ba kowane ƙwaro da aka gani a lambu ne abokin gaba ba. Jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi a baya, mai kamar rabin ƙwayar wake, darɓa yake ci, shi da 'ya'yansa. Ƙasar nan ta ga amfanin irin waɗannan a fili. Lokacin da ƙwaro mai auduga ya addabi rogon Afirka a shekarun 1970, abin da ya shawo kansa wani ɗan ƙaramin zanzaro ne da aka kawo daga Kudancin Amurka, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta fara saki a 1981. Wanda ya yi feshi barkatai, waɗannan mataimaka yake fara kashewa.

Gargaɗi Game da Guba

Kada a kuskura a fesa wa ɗaɗɗoya maganin auduga, ko na koko, ko na sauro da kyankyasai. Gamalin 20 da tsofaffi suka sani, an sa sinadarinsa cikin jerin waɗanda duniya ta amince a daina amfani da su a gona tun 2009. Sinadarin da ke cikin Sniper shi ne aka samu ya yi yawa a waken Nijeriya, har Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken a 2015. In busasshen wake da ake wankewa a dafa ya riƙe guba, ina ga ganye mai laushi da ake tsinka a jefa a tukunya? Mai lambun kasuwa da ya ga lalle sai ya yi feshi, ya nemi shawarar malamin gona, ya sayi magani mai lambar rajistar hukumar NAFDAC wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da kayan lambu, ya kuma kiyaye adadin kwanakin da aka ce a jira kafin girbi. Ya rufe hanci da baki da hannu, kada ya sa yaro ya yi masa feshi, kada kuma a zuba ruwa ko mai cikin kwalbar da ta ƙare.

Tsarin Shuka

Yawancin waɗannan matsaloli daga cunkoso da ban ruwa suke farawa. A bar tazarar santimita 30 tsakanin ƙananan ɗaɗɗoya, babba kuwa ninkin haka ko fiye. A zuba ruwa a gindi, da safe, don kada ganye ya kwana a jiƙe. Tukunya ko bokiti lalle ne a huda ƙasansa. Kada a cika takin yuriya, domin ganyen da ya yi laushi ainun shi darɓa ta fi so. Iri ko reshen dashe, daga shuka mai lafiya za a ɗauka, wanda aka samo daga wani gida kuma a ajiye shi gefe guda mako biyu ana duba bayan ganyensa kafin a haɗa shi da sauran.

Wanda ya duba bai gane abin da ke damun shukarsa ba, ya tsinki reshe mai ganye uku ko huɗu, har da wanda cutar ta fara kamawa, ya naɗe shi cikin takarda, ya kai wa malamin gona na ƙaramar hukumarsa a ranar. In yaushi ne, ya tuge shukar duka da saiwarta da ƙasar da ke jikinta. Abin da ya fi ƙarfin malamin gona, akan aika da shi cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan, ko cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Zariya.