Kalmomin Ingilishi masu rikitarwa a rubuce: daga ina kuskuren yake fitowa?

Tun da rubutu ya koma kan wayar hannu da kwamfuta, kurakuran da mai gyara yake tarewa a maɗaba'a suna fitowa fili yadda marubuci ya yi su. Wannan abu ne mai amfani ga manazarcin harshe, domin kuskure yana nuna wurin da ƙa'idar rubutu ta rabu da furuci. Abin da muke son nunawa a nan game da Ingilishi shi ne, kalmomin da ake rikitawa ba iri ɗaya ba ne. Kowane iri da tushensa, kuma malamin da bai gane tushen ba zai ba da maganin da bai dace da cutar ba.

Iri na farko na masu harshen ne da kansu. Ingilishi yana da sautuka wajen 44, amma da haruffa 26 ake rubuta su. Bugu da ƙari, William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a shekara ta 1476, a daidai zamanin da furucin dogayen wasula yake canzawa, canjin da ya faro tun wajen 1400 ya kai har wajen 1700. Rubutu ya tsaya, baki ya ci gaba da tafiya. A da “meet” da “meat” furucinsu daban ne, yau ɗaya ne. Harafin k na “knight” ana furta shi, da ya faɗi sai kalmar ta haɗe da “night”. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara wa wannan rubutu gindin zama. Shi ya sa mutumin Landan, wanda ya yi shekaru yana jin kalma kafin ya gan ta a takarda, yake rikita “their” da “there” da “they're”, ko ya rubuta “would of” a maimakon “would've”. Kunnensa ne yake yi masa shifta.

Batun “its” da “it's” ya cancanci a tsaya a kansa. A Ingilishi ana nuna mallaka a kan suna da alamar ɗauri da harafin s, kamar “the dog's”. Wanda ya rubuta “it's” yana nufin mallaka, wannan ƙa'ida ya bi, kuma har cikin ƙarni na 18 marubuta da yawa haka suke yi. Daga baya ne aka keɓe “it's” ga taƙaita “it is” ko “it has”. A ganinmu, mai wannan kuskure ya fi ƙa'idar hankali, sai dai ita ce ake bi.

Iri na biyu na mai koyo ne, kuma daga harshen uwa yake fitowa. Hausa ba ta bambanta p da f. Sautin da muke rubutawa f yana fita iri-iri gwargwadon karin harshe, har ma ya koma h ko hw a yamma, kamar “tahi” da “hwari” na mutanen Adar. Don haka Bahaushe yakan haɗa “pull” da “full”, ko “copy” da “coffee”, abin da ba ya faruwa ga mutumin Landan. Haka nan wasulanmu biyar, dogaye da gajeru, ba su isa su raba “hat” da “hut” da “heart” a kunne ba.

Ɗalibin Nijar yana da kaya na uku, tunda da Faransanci ya fara karatu. Idonsa ya saba da “adresse” da “exemple”, sai ya rage d ɗaya a “address”, ya sa e a wurin a cikin “example”. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne kalmomi masu kama a siffa, masu saɓani a ma'ana: “librairie” kantin sayar da littattafai ne, “library” kuwa ɗakin karatu, “actuellement” na nufin a halin yanzu, “actually” kuwa a gaskiya.

Na'urar duba rubutu mai dogara da jerin kalmomi kawai tana kama “adress”, domin babu ita a ƙamus. Amma idan kuskure ya faɗa kan wata kalma ta gaskiya, kamar “loose” a wurin “lose” ko “form” a wurin “from”, sai ta bar shi ya wuce. Mu ma mun san wannan a Hausa: in aka zubar da lanƙwasa saboda babu ita a allon waya, ƙasa ta koma kasa, faɗa ya koma fada, baƙi su koma baki, kuma duka kalmomi ne na gaskiya.

Saboda haka, wanda zai tattara kurakuran ɗaliban Ingilishi a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ya kamata a gefen kowane kuskure ya rubuta karin harshen ɗalibin da harshen da ya fara karatu da shi. Jerin kalmomi masu rikitarwa da aka shirya a Ingila ko Amurka don ƴan ƙasa ba zai ƙunshi “pull” da “full” ba.