Fim, Giya da Sitiyari: Yadda Allon Kallo Ke Sauya Tunanin Jama'a Game da Tuƙi Cikin Maye

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a haɗurran hanya kowace shekara, kuma maye yana daga cikin manyan sabubban wannan asara. Kusan kowa ya san tuƙi cikin maye haɗari ne. To, me ya sa mutum zai san haka, amma ya ɗauki makulli ya tada mota? Wani ɓangare na amsar yana cikin ƙwaƙwalwa. Ɗaya ɓangaren kuwa yana cikin abin da al'umma ta ɗauka ba komai ba ne, kuma a nan finafinai da wasannin talabijin suke taka rawa. Wannan maƙala za ta dubi ɓangarorin biyu, tare da misali daga ƙasar Amurka, inda aka taɓa gwada amfani da wasannin nishaɗi da gangan domin sauya ɗabi'ar direbobi.

Abin da Giya Ke Yi wa Direba

Sinadarin da ke sa maye a cikin giya shi ake kira etanol. Ba ya bukatar narkewa kamar abinci. Kaɗan daga cikinsa yana shiga jini ta bangon tumbi, mafi yawa kuma ta ƙaramin hanji, sannan cikin 'yan mintoci ya isa ƙwaƙwalwa. A can yana ƙara ƙarfin sinadaran da ke rage gudun saƙonni tsakanin ƙwayoyin jijiya, yana kuma raunana waɗanda ke hanzarta su. Wato dai aikinsa sassauta ƙwaƙwalwa ne, ko da yake mashayi yakan ji kamar an ƙara masa kuzari.

Tun da wuri giya take taɓa sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi, wanda ke auna haɗari, yana hana mutum yin ganganci. Sai kuma ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, mai daidaita motsin hannu da ƙafa da idanu. Babban abin tsoro shi ne, sashen da ya kamata ya faɗa wa mutum cewa bai dace ya yi tuƙi ba, shi ne giya take fara kwantarwa. Saboda haka ne mai maye yakan rantse cewa garau yake.

Bari mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kimanin mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan maye ya jinkirta taka birki da rabin daƙiƙa kacal, motar ta ƙara tafiyar mita 14 ke nan kafin ƙafa ta taɓa birkin. Wannan tazara ta isa ta raba yaron da ya tsallake titi lafiya da wanda za a kai makwanci.

Ana auna maye da nauyin etanol a cikin mililita 100 na jini. A shekarar 1964, Robert Borkenstein ya buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a garin Grand Rapids na Amurka, wanda ya nuna cewa haɗarin karo yana hauhawa sosai idan awon ya kai giram 0.08, kuma yana ninkuwa sau da yawa idan ya wuce haka. Hanta ce ke da aikin kawar da etanol, ga shi kuma ba ta gaggawa: takan rage kimanin giram 0.015 ne kawai a awa guda. Gahawa, ko goro, ko wanka da ruwan sanyi, babu wanda ke ƙara mata sauri.

Lokacin da Maye Yake Abin Dariya

Shekaru da dama masu shirya finafinai a Amurka sun ɗauki mashayi a matsayin ɗan barkwanci. A fim ɗin North by Northwest na Alfred Hitchcock, wanda ya fito a 1959, miyagu sun ɗura wa jarumin giya, suka sa shi a mota a kan hanyar gefen dutse. Ya yi ta tangaɗi da motar, ya tsira ba ƙwarzane, aka ƙarasa da raha a ofishin 'yan sanda. A fim ɗin Arthur na 1981 kuwa, jarumin attajiri ne mai ban dariya wanda ba ya rabuwa da kwalba, har akwai inda yake tuƙi yana kurɓa. Fim ɗin ya samu karɓuwa ƙwarai, har ya ci kyaututtukan Oscar guda biyu.

Babu wanda ya fito a waɗannan finafinai ya ce tuƙi cikin maye abu ne mai kyau. Illarsu tana cikin abin da ba su nuna ba: babu gawa, babu marayu, babu gurgu. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya nuna a gwaje-gwajensa na farkon shekarun 1960 cewa yara suna kwaikwayon abin da suka ga wani ya yi, ko da a fim ne, musamman idan ba su ga an hukunta shi ba. Mai kallo yana koyon abu biyu a lokaci guda, wato aikin da kansa, da kuma yadda mutane suke karɓarsa. Idan an yi dariya, ya koyi cewa abin wasa ne. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana.

A wajen gidan silima kuwa ba dariya ake yi ba. A shekarar 1982 mutane kimanin 26,000 ne suka mutu a Amurka a haɗurran da giya take da hannu a ciki, fiye da rabin dukkan waɗanda suka mutu a kan hanya a wannan shekara. Shekara biyu kafin nan, a 1980, wani direba mai maye ya kashe wata yarinya 'yar shekara 13 a jihar Kalifoniya. Mahaifiyarta, Candy Lightner, ta kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye, wadda aka fi sani da MADD. Ƙungiyar ta fito da fuskokin mamatan gaban jama'a, kuma matsin lambarta ya taimaka wajen yin dokar 1984 da ta sa jihohi suka mai da shekarun sayen giya zuwa 21.

Gwajin Jami'ar Harvard

A shekarar 1988, Dokta Jay Winsten na Makarantar Kiwon Lafiyar Jama'a ta Jami'ar Harvard ya ƙaddamar da wani shiri mai sauƙin fahimta. Ya aro wata al'ada daga ƙasashen arewacin Turai irin su Suwidin da Norwe: idan abokai za su fita inda ake sha, sai a ware mutum ɗaya tun daga gida, wanda ba zai taɓa giya ba, shi zai mai da kowa gida. Wannan shi ne keɓaɓɓen direba.

Hikimar Winsten ita ce bai tsaya ga sanarwar gargaɗi ba. Ya tafi Hollywood, ya riƙa ganawa da marubuta da masu shirya wasannin talabijin. Bai nemi su sauya labaransu ba. Abin da ya roƙa shi ne jimla ɗaya ko biyu a bakin ɗan wasa, ko ɗan allon sanarwa a bangon mashaya, ko a ga wani ya karɓe makulli daga hannun abokinsa. A cikin shekara huɗu saƙon ya fito a fiye da kashi 160 na wasannin da ake nunawa a lokacin da jama'a suka fi kallo, ciki har da Cheers, wanda labarinsa ma a mashaya yake gudana, da L.A. Law, da The Cosby Show. Manyan gidajen talabijin uku na ƙasar, wato ABC da CBS da NBC, su ma suka riƙa watsa sanarwa a kan batun. Zuwa 1991 kalmar Turanci ta keɓaɓɓen direba ta shiga ƙamus.

Me ya sa wannan dabara ta kama? Wa'azin kai tsaye yakan sa mai sauraro ya kafa garkuwa, domin ba mai son a nuna masa yatsa. Amma idan ɗan wasan da yake ƙauna ya ƙi shan giya saboda shi ne direba, abokansa kuma ba su yi masa ba'a ba, to an ba mai kallo kalmar da zai faɗa da uzurin da zai bayar ba tare da jin kunya ba.

Shin Talabijin ce Ta Yi Aikin?

Mace-macen da suka shafi giya a titunan Amurka sun sauko daga sama da 23,000 a 1988 zuwa kimanin 18,000 a 1992. A nan ne ɗalibin kimiyya ya kamata ya yi hattara. Faruwar abu biyu a lokaci guda ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan ba. A waɗannan shekaru an tsaurara dokoki, an yawaita shingayen binciken direbobi, an ƙara amfani da bel ɗin kujera, tattalin arziki kuma ya yi rauni a 1990 da 1991, abin da kan rage zirga-zirga. Adalcin magana shi ne, talabijin ta taimaka wajen sauya abin da jama'a suke ganin ya dace, doka kuma ta samu ƙasa mai laushi ta shuka a kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haka kuma dabarar tana da gibi. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda aka yi a ƙofofin mashaya a jihar Florida, ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu kiran kansu keɓaɓɓun direbobi suna da awon 0.05 ko fiye a jininsu. Wato a wurin wasu, keɓaɓɓen direba ya koma wanda ya fi kowa ƙarancin maye. A 2022 ma mutane fiye da 13,000 suka mutu a Amurka a haɗurran direbobi masu maye. Darasin da ba a maimaita shi ba yakan dushe.

Ina Ruwanmu?

Mai karatu zai iya cewa a ƙasar Hausa addini da al'ada sun riga sun yi tir da giya. Gaskiya ne, amma ba giya kaɗai ke gusar da hankalin direba ba. Binciken ƙasa kan shan ƙwayoyi na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 suna shan magunguna irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayu na wannan shekara gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, jim kaɗan bayan BBC ta nuna wani shirin bincike a kan ɓarnarsa. Waɗannan magunguna suna sa gyangyaɗi, suna jinkirta martanin jiki, tiramadol kuma yakan jawo farfaɗiya idan an sha da yawa.

Sai kuma rashin barci. A 1997 masu bincike biyu a Ostireliya, Dawson da Reid, sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, ƙwarewarsa takan ragu kamar mai awon giya 0.05, wanda ya yi awa 24 kuwa kamar mai 0.10. Direban da ya kwana a hanya daga Legas zuwa Kano bai runtsa ba, ƙwaƙwalwarsa ba ta da bambanci sosai da ta mashayi, ko da bai taɓa ganin kwalba ba. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama.

Kammalawa

Marubutan finafinan Hausa da na wasannin rediyo suna riƙe da irin makamin da Winsten ya je nema a Hollywood. Ba sai sun mai da fim makaranta ba. Ya isa a ga fasinja ya ce wa direba ya tsaya ya huta, sauran fasinjoji kuma su goyi bayansa maimakon su yi masa caa. Malamai kuwa za su iya ba ɗalibai aiki mai sauƙi: su zaɓi finafinai goma, su ƙidaya sau nawa aka nuna tuƙi cikin maye, ko gajiya, ko gudun ganganci, sannan su rubuta abin da ya biyo baya a kowane, dariya ce, ko yabo, ko makoki. Ɗalibin da ya yi wannan ƙidaya sau ɗaya zai riƙa kallo da idon mai bincike, kuma ran da ya shiga motar da direbanta ke lumshe ido, zai san cewa yin magana wajibi ne a kansa.