Allon Kwamfuta a Cikin Aji: Abin da Makarantun Ƙasar Birnin Gwari Ke Bukata



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wannan 'yar kwamfuta mai kamar faranti da ake dangwala wa yatsa, wadda zan kira allon kwamfuta. Sunan bai zo mana baƙo ba, domin Bahaushe ya daɗe da sanin allo. Sai dai allon katako ba ya bukatar caji, in ya faɗi ba ya fashewa, kuma ɗan gardi ba ya ɗaukarsa sai da malam a kusa, mai biya masa, mai duba abin da ya rubuta kafin a wanke.

An sha gwada wannan dabara. A shekarar 2007 aka raba wa yaran firamaren Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci na shirin da Nicholas Negroponte ya kafa a Amurka. Ƙasar Peru ta sayi irinsu dubbai ɗaruruwa, amma binciken da aka fitar a 2012 ya nuna cewa yaran sun iya sarrafa na'urar, alhali kuwa lissafinsu da karatunsu suna nan inda suke. A 2013 Gwamna Rauf Aregbesola ya ƙaddamar da Opon Imo a Jihar Osun, wato allon ilmi da harshen Yarbanci. Hikimar da ke cikinsa ita ce an zuba littattafai da tambayoyin jarrabawa tun kafin a raba, don haka ba ya jiran intanet.

To, mu ɗauki wannan allo mu kai shi ƙauyukan da ke bakin dajin Birnin Gwari. Wa zai yi masa caji, in ba a kafa farantin hasken rana ba? Sa'an nan ku tuna cewa a ƙarshen 2021 an rufe layukan waya a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomin Jihar Kaduna saboda 'yan bindiga. Duk allon da darasinsa ke zuwa ta iska, a makonnin nan ya zama madubi kawai. Babbar magana kuwa ita ce tsaro. A watan Maris na 2024 aka kwashe ɗalibai daga makarantar Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. An yi sulhu a ƙarshen shekarar, har kasuwar shanu ta sake ci, amma hedimastan da aka danƙa wa akwati cike da kaya masu tsada a ɗakin da ba ƙofa, an ɗora masa abin da zai hana shi barci.

Ga kuma batun harshe, wanda ya fi damuna, tun da shi ne abincina. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa. Amma yawancin abin da ake zubawa a waɗannan alluna da Turanci yake, da muryoyi da hotunan da yaron ƙauye bai taɓa gani ba. Ɗan abin da aka sa na Hausa ma sau da yawa ba ƙugiya, sai yaro ya rasa bambancin "kafa" da "ƙafa". Wannan koma baya ne, ganin cewa an daidaita waɗannan haruffa tun shekarun 1930.

A ganina, in kuɗi kaɗan ne, malami ya kamata a fara ba. Haka Jihar Edo ta yi daga 2018: allo ɗaya a hannun malami, ɗauke da darasin yini. Ku tuna kuma da jarrabawar 2017, wadda gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare sama da 21,000 sun faɗi. Ko mutum ya yarda da yadda aka gudanar da ita ko bai yarda ba, ta nuna inda ciwon yake. Ku ma'aikatan ilmi da takardar odar za ta biyo ta teburinku, ku duba ko an ware kuɗin horar da malamai, da na gyara, da na sauya batir bayan shekara biyu ko uku, kafin ku sa hannu.